Sakin kifi bai wanke masu gasar bas a tafkunan Amurka ba

A Amurka babu kifin ruwan daɗi da ake bi kamar bas mai faɗin baki. Kifi ne kore-kore mai baƙin zane a gefe, mafarauci, yana haɗiye ƙananan kifaye da kwaɗi da duk abin da bakinsa ya iya ɗauka. Yawancin waɗanda ake kamawa ba sa wuce kilo 1 ko 2, kuma wanda George Perry ya kama a jihar Georgia a 1932, wanda har yau ake kafa misali da shi, kilo 10 ne da ɗan ɗoriya. A kan wannan kifi aka gina kasuwa ta biliyoyin daloli, daga jirage da injuna zuwa sandunan fatsa da koton roba da shirye-shiryen talabijin. Abin da zai ba Bahaushe mamaki shi ne akasarin masu kama shi ba ci suke yi ba. A kama, a auna, a ɗauki hoto, a mayar da shi ruwa.

Wannan sakin shi ne ya kwantar wa masu fatsa da hankali fiye da shekara hamsin. Kowa ka taɓa sai ya ce ai ya mayar da kifin, bai rage wa kowa komai ba. Ni kuwa ina ganin wannan amsa ta daina isa. A tafkunan da jama'a suka yi wa ca, sakin kifi ya zama mayafin da ake lulluɓe wata ɓarna da shi, kuma hukumomin jihohi, waɗanda amanar ruwan ke hannunsu, sun bar kamfanonin gasa da masu ƙera na'urori su ne ke yanke yadda za a yi da dukiyar kowa da kowa.

Ba na raina wanda ya kawo al'adar. Ray Scott ɗan inshora ne daga Montgomery ta jihar Alabama. A 1967 ya tara masu fatsa 106 a tafkin Beaver na Arkansas, kowa ya biya dala 100, aka yi gasar da ta zama tushen duk abin da ake gani yau, sannan ya kafa ƙungiyar masu kamun bas mai suna B.A.S.S. a shekarar da ta biyo. A gasannin farko matattun kifaye ake jibgewa a kan sikeli, mutanen gari kuma suna kallo suna jin haushin baƙin da suka zo suka kwashe musu tafki. A 1972 Scott ya fara tilasta a kawo kifi da rai a sake shi bayan awo. Jirage suka fara zuwa da tankin ruwa na ajiye kifi, kuma a hankali talakan mai fatsa ma ya koyi sakin abin da ya kama. Da ba a yi haka ba, da tafkuna da yawa sun ƙare tun tuni. Sai dai maganin da ya yi wa 1972 aiki an yi shi ne don jirage kaɗan, da koto kaɗan, da mutanen da ba sa ganin abin da ke ƙarƙashin ruwa.

A dubi tafkin Fork da ke gabas da Dallas. An tare ruwansa a 1980, faɗinsa eka 27,000 ne da wani abu, kuma da yawa daga cikin manyan bas 50 da aka taɓa rubutawa a tarihin Texas daga cikinsa suka fito, ciki har da na Barry St. Clair mai kilo 8.2 wanda aka kama a 1992, wanda ba a kama wanda ya fi shi nauyi a jihar ba har yanzu. Ko a dubi Guntersville na Alabama, mai eka kusan 69,000 a kan kogin Tennessee. Irin waɗannan wurare ba sa hutawa. Ranar Asabar kafin gari ya waye motoci sun yi layi a mashigar ruwa, kowace tana jan jirgi mai injin doki 250 da ke gudun sama da kilomita 100 a awa. Ga gasar ƙwararru, ga ta ƙananan ƙungiyoyi, ga ta ɗaliban sakandare da ta jami'o'i, ga ta yammacin Talata da ma'aikata ke yi bayan an tashi daga aiki, ga masu ja-gora da ke fita da baƙi kusan kowace rana. Kifi ɗaya a irin wannan ruwa yana iya ganin koto iri-iri a wuni guda, kuma ba abin mamaki ba ne a kama wanda bakinsa ya sha huji sau da yawa.

Kifin da aka saka yana iyo, ba lallai ne ya rayu ba. A gasar da aka saba, mutum yana riƙe manyan kifaye biyar a tankin jirgi tun safe har la'asar, yana zabga gudu da su a kan igiyar ruwa, sannan a zuba su a jaka a bi layin awo. A watannin zafi ruwan tankin yana ɗumi, iskar da ke cikinsa tana raguwa. Kifin zai fita daga hannun masu awo da ransa, a rubuta shi cikin waɗanda suka tsira, bayan kwana biyu ko uku ya taso a mace a inda ba mai ƙirgawa. Gene Wilde na jami'ar Texas Tech ya tattara binciken shekaru a 1998, ya nuna cewa idan aka haɗa da masu mutuwa daga baya, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na kifayen gasa ne ke mutuwa. An gyara abubuwa tun daga lokacin, musamman a manyan gasanni masu kuɗi da ma'aikata, amma ƙananan gasanni na ƙarshen mako, waɗanda su ne suka fi yawa nesa ba kusa ba, ba su da wannan gata. Waɗanda ke mutuwar kuma zaɓaɓɓu ne, domin manya kaɗai ake kaiwa sikeli. Wanda ya tsira ma an raba shi da gidansa, an kamo shi a wani lungu mai nisan kilomita da yawa an sake shi a gindin mashiga.

Abin da ya fi damuna shi ne lokacin ƙwai. Idan sanyi ya ja baya, ruwa ya kai digiri 15 zuwa 18, wato wajen Maris da Afrilu a Texas, namijin bas yakan share wani ɗan wuri a ruwa mara zurfi, mace ta zo ta zuba ƙwai ta tafi. Namijin ne ke tsayawa gadi, yana yi wa ƙwan fifita da ƙegensa, yana korar duk abin da ya matso, har 'ya'yan su ƙyanƙyashe su fara yawo. A wannan hali ba yunwa ke sa shi cafke koto ba, kare gida yake yi. Masu fatsa sun san haka, shi ya sa suke sa tabarau na musamman su bi gaɓa suna neman sheƙa, su tsaya a kan kifi ɗaya suna jefa masa koto har ya fusata. Da zarar an ɗaga shi, ƙananan kifayen da ke jiran dama sai su afka wa ƙwan. In an sake shi nan take yana iya komawa ya tarar da saura. In gasa ake yi aka tafi da shi wurin awo, wannan sheƙa ta tashi.

Akwai binciken da ya kamata duk mai kare wannan ɗabi'a ya zauna ya yi tunani a kansa. A wani ƙaramin tafki mai suna Ridge a jihar Illinois, a shekarun 1970, David Philipp da abokan aikinsa sun riƙa yi wa duk bas ɗin da aka kama alama kafin a sake shi. Bayan shekara huɗu suka janye ruwan, suka tattara kifaye sama da 1,700. Kusan 200 daga cikinsu ba a taɓa kama su ba ko sau ɗaya, alhali wasu an kama su sau da yawa. Suka ware masu saurin cafka gefe guda, masu taka-tsantsan gefe guda, suka bar kowane rukuni ya hayayyafa har zuriya uku. Sakamakon da suka wallafa a 2009 ya nuna cewa saurin kamuwa gado ne, 'ya'yan masu taka-tsantsan suna ƙara wuyar kamuwa. Wani binciken da ya biyo baya a 2012 a kan waɗannan zuriyoyi ya gano cewa mazan da suka fi saurin cafka su ne suka fi tsayawa tsayin daka wajen gadin 'ya'ya. Ke nan duk shekarar da aka yi ta ɗaga masu zafin nama daga kan sheƙa, ana rage irin uban kirki a tafkin, ana bar wa masu tsoro su cika ruwan da 'ya'yansu. Masu fatsa kan yi ƙorafin cewa kifin yanzu ya yi wayo. Wani ɓangare koyo ne, wani ɓangaren kuwa hannunsu ne ya tace irin.

Duk da haka, har zuwa 'yan shekarun nan bas yana da mafaka. Kifin da ya bar gaɓa ya shiga tsakiyar tafki, yana shawagi tsakanin sama da ƙasa yana bin garken ƙananan kifaye, kusan ba mai iya samunsa sai da sa'a. Manyan mata da yawa a can suke tsufa. A 2018 kamfanin Garmin ya fito da LiveScope, sauran kamfanoni suka biyo da nasu. Na'ura ce da ke aika sauti cikin ruwa ta nuna wa mutum a allo abin da ke gaban jirginsa a daidai lokacin da yake faruwa. Yana ganin kifin yana motsi, yana ganin kotonsa yana sauka, yana ganin ko kifin ya juyo ko ya kauce, sai ya canja salo. Ba a jefa ƙugiya a jira kuma. Ana zaɓar kifi ɗaya a allo, mafi girma, a bi shi har ya gaji da ƙi. Tafkin O.H. Ivie na yammacin Texas ya nuna abin da wannan ke iya yi. Daga 2021 manyan kifaye suka fara fitowa daga cikinsa ɗaya bayan ɗaya, har da mai kilo 7.7 a Fabrairun 2022, da yawansu da taimakon wannan na'ura. Labari ya bazu a intanet, jirage daga jihohi masu nisa suka nufo wurin. Kifin da aka jawo daga zurfi kuma yana da tasa matsalar, domin jakar iskar da ke cikinsa tana kumbura, ya kasa nutsewa in an sake shi, sai an huda masa ita da allura, aikin da ba kowa ya iya ba.

Su kansu masu gasar sun ga abin ya yi yawa. A kakar 2025 ƙungiyar National Professional Fishing League ta haramta na'urar gaba ɗaya, B.A.S.S. ta taƙaita wa manyan 'yan wasanta ita zuwa guda ɗaya a jirgi tare da ƙayyade girman allunan, Major League Fishing kuma ta rage lokacin da ake amfani da ita a wuni. Amma a duba dalilinsu. Masu kallo ne suka gaji da ganin mutum ya sunkuyar da kai yana kallon allo, tsofaffin 'yan wasa suka yi ƙorafi, masu sayar da koto suka ga kasuwarsu na canjawa. Dokokin nan mutane ɗari kaɗan suka shafa. Dubban jiragen da ke fita kowane mako ba ruwansu. Wanda ke da ikon yi wa kowa doka ita ce hukumar jiha, kuma akasarinsu sun tsaya suna cewa suna nazari. Mississippi ta motsa a 2024, ta rage yawan wani kifi mai suna kirafi da mutum zai iya ɗauka a rana daga 15 zuwa 10 a manyan tafkunan arewacinta irin su Grenada da Sardis, ta kuma ambaci wannan na'ura cikin dalilanta. Shi wannan kifin ci ake yi, don haka ɓarnar ta fito fili. Ta bas a ɓoye take, shi ya sa ake jan ƙafa.

Masu ra'ayin a bar abin yadda yake suna da hujjoji, kuma ba na banza ba ne. Bas ba ya kan hanyar ƙarewa. Mace ɗaya tana zuba dubban ƙwai, sheƙa kaɗan ta isa ta cika tafki, kuma ƙidayar da hukumomi ke yi a wurare da yawa ba ta nuna raguwar adadi ba. Hasali ma wasu tafkunan ƙananan bas ne suka yi musu yawa, saboda ba mai ɗauka, abinci bai isa ba, sun ƙi girma. A Fork doka ta hana riƙe kifi mai tsawon inci 16 zuwa 24, amma ta halatta ɗaukar ƙanana, kuma masana suna so a ɗauka, sai dai mutane sun mayar da sakin kamar ibada, suna jin kunyar a gan su da kifi a bokiti. A Japan ma, inda aka kai wannan kifi a 1925 ya cinye na gida, lardin Shiga ya hana mayar da shi tafkin Biwa tun 2003. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa saki ba shi da wata falala a karan kansa, ruwan da ake ciki ne ke faɗin abin da ya dace. Akwai kuma batun kuɗi. Garuruwan da ke bakin tafki suna ci daga gasa, otal da gidan mai da gidan abinci, matasa da yawa kuma ta hanyar allon nan suka shigo harkar.

Na yarda da duk wannan, amma adadin kifi ba shi ne kaɗai ma'aunin ruwan jama'a ba. Tambayar ita ce wa ke iya kamawa. Wanda ya biya kuɗin tafkin nan kowa ne. Tun 1950 dokar Dingell-Johnson ta ɗora harajin kashi 10 cikin 100 a kan kayan fatsa, ana raba kuɗin ga jihohi don kula da kifi, ga kuma kuɗin lasisin da kowa ke yanka. Dattijon da ya yi ritaya yake zama a gaɓa da sanda ɗaya, da uban da ya kawo 'yarsa ranar hutu, da baƙon ma'aikacin da ba shi da jirgi, duk sun biya. Idan kifin ya zama sai mai jirgin da kan kai dala 100,000 da na'urar dubban daloli ne ke iya yaudararsa, to an ƙwace musu rabonsu ba tare da an kafa shinge ba. Yaron da ya zo sau biyu ko uku bai ji ko motsi a igiyarsa ba, da wuya ya sake dawowa, kuma ba zai yanki lasisi ba in ya girma. Abin takaici, na'urar da ta fi kowace tasiri ita ce ba ta biyan komai cikin wannan asusu. A da akwai harajin kashi 3 cikin 100 a kan na'urorin gano kifi, majalisar dokokin Amurka ta soke shi a 2004. Mai sayen ƙugiya yana biya, mai sayen allo ba ya biya.

Ba sabon abu ba ne a taƙaita kayan aiki. A Oktoban 2011 Paul Elias ya ci wata gasa a Guntersville da kifi mai nauyin kusan kilo 46 a kwana huɗu, da wata waya mai rassa biyar da ke jan koto biyar lokaci guda. Cikin 'yan watanni B.A.S.S. ta hana ta a manyan gasanninta, jihohi irin su Tennessee kuma suna da iyakar ƙugiya uku a kanta. Akwai rafuffukan da ba a yarda da koto mai rai ba, akwai tafkunan da ba a shiga da injin fetur. Ban ga abin da zai hana jiha ta ware wasu tafkuna, ko wasu watanni, ta ce a nan ba a kunna wannan na'ura ba, a kuma mayar da harajin da aka cire mata.

Batun hutun ruwa kuwa, mu ba baƙonmu ba ne. A Argungu ba a taɓa Matan Fada sai ranar biki, Sarkin Ruwa da mutanensa ke tsaron wannan hani, shi ya sa ake samun giwan ruwan da ake nuna wa duniya. Jihohin arewacin Amurka irin su New York da Michigan, da lardin Ontario na Kanada, sun daɗe da sanin rufe kamun bas a lokacin ƙwai. Maimakon kudu ta koya daga gare su, su ne ke sassautawa, Michigan ta buɗe kama-ka-saki duk shekara a 2015. Ba sai an rufe tafki dungurungum ba. A ware wasu lunguna masu yawan sheƙa, a kafa musu alama na makonni shida ko takwas, a hana gasar da ake ɗauke kifi daga wurinsa a wannan lokaci. Haka nan a sa iyaka ga yawan gasannin da tafki ɗaya zai ɗauka, kamar yadda Minnesota ke yi gwargwadon girman ruwa, kuma a bar wasu ranakun Asabar ga waɗanda ba gasa ta kawo su ba.

Hanyar rage mutuwar kifin gasa ma an riga an gwada ta, a tafkin Fork ɗin kansa. Da yake dokar tafkin ta hana riƙe kifaye masu matsakaicin girma, gasar Toyota Texas Bass Classic ta 2007 ta sa alƙali a kowane jirgi, a auna kifi nan take a rubuta, a sake shi a inda aka kama shi. Major League Fishing ta gina shirinta a kan wannan tsari, masu gasar ƙananan kwale-kwale kuma hoto kawai suke ɗauka a kan katakon awo su tura ta waya. Masu ƙin wannan suna cewa 'yan kallo na son ganin an ɗaga kifi a dandamali, kuma ƙananan ƙungiyoyi ba su da kuɗin alƙalai. To, su yi gasarsu ta dandamali a watannin sanyi, lokacin da kifi ke jure tanki. Daga Yuni zuwa Satumba a Texas da Alabama, duk mai son shirya gasa a ruwan gwamnati ya kamata sharaɗin izininsa ya zama awo a cikin jirgi.